Babi na Shida: Ƙarar da Ba a Jin Ƙararta

Cikin watan Janairu, hunturu na busawa, ƙura ta lulluɓe duwatsun Damagaram, na zauna da wani dattijo a lambunsa a ƙasar Gaffati, cikin gundumar Mirriya, ba nisa da birnin Zinder. Ya gama ban ruwa ke nan, ƙafafunsa duk laka, fangalan albasarsa sun yi kore shar. Da hira ta kai mu kan iri, sai ya shiga 'yar bukkarsa ya fito da abu biyu. Na farko ƙullin tsumma ne, da ya kwance sai ga 'ya'yan albasa baƙaƙe ƙirin, ƙanana kamar ɓarɓashin gawayi. Na biyu gwangwani ne da aka huda bakinsa da wuƙa, jikinsa da hoton albasa ja da rubutun Faransanci.

"Wannan," in ji shi, ya ɗora yatsa kan ƙullin, "na san uwarsa, na san kakarsa. Ni na zaɓi albasar, na adana ta har damina ta wuce, na yanke kanta, na sake dasawa, ta yi fure, na kakkaɓe. Na gwangwanin nan kuwa, abin da mai kanti ya faɗa mini shi kaɗai na sani."

Sai na ba shi labarin rigimar da aka yi kan albasar Galmi. Ya saurara har na kai aya, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "To ɗana, da ake wannan rigima, su wa aka kira shaida? Kuma a gaban wane alƙali?"

Galmi gari ne a jihar Tawa, kan babbar hanya tsakanin Birnin Konni da Madawa. Albasarsa mai launin jar garura ta yi suna saboda yajinta da kuma jimirin ajiya. Manoman yankin kan jera ta cikin rudu ta yi watanni ba ta ruɓe ba. Manyan motoci na kwasar ta zuwa Accra da Abidjan da Kwatano, kuma da ita ce Nijar ta shiga gaba a Afirka ta Yamma wajen fitar da albasa. A takardun Faransanci sunanta Violet de Galmi. Kaka da kakanni suka zaɓe ta shekara bayan shekara, daga baya masu binciken aikin gona suka ɗora nasu aikin a kai, har cibiyar INRAN da aka kafa a 1975 ta gaji kula da irin.

A 2006 wani kamfanin sayar da iri mai suna Tropicasem, wanda ke zaune a Senegal kuma yake da alaƙa da kamfanin Technisem na Faransa, ya shigar da buƙata a hukumar OAPI cewa a ba shi takardar mallakar wannan iri da wannan suna. OAPI tana Yawunde, babban birnin Kamaru. Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ce ta kafa ta, aka yi wa yarjejeniyar gyara a 1999, kuma yau ƙasashe 17 ke ƙarƙashinta, har da Nijar. Takarda ɗaya da aka buga wa hatimi a Yawunde tana aiki a dukan ƙasashen nan. Sashen yarjejeniyar da ya shafi irin shuka ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 2006, kuma yana ba mai takarda kariya ta shekara 25. Cikin waɗannan shekaru, duk mai son yin kasuwancin irin sai da izininsa.

Labari bai iso kunnen ƙungiyoyin manoma ba sai a 2009, a wajen wata kasuwar baje kolin irin gargajiya a Djimini, kudancin Senegal. Kusan shekara uku ke nan takarda na kwance a ofis da sunan garinsu a kanta. Ba wanda ya saɓa doka wajen ɓoye ta. OAPI tana da mujallarta ta hukuma inda take buga buƙatun da aka shigar. Amma mujallar da ake bugawa a Yawunde da yaren nasara, wa ke karanta ta a Galmi? Wa ke karanta ta a Gaffati? Da magana ta fasu, ƙungiyoyin manoma da na farar hula suka tashi haiƙan, gwamnatin Nijar ta rubuta wa OAPI ƙin amincewarta, kamfanin bai sami sunan Galmi ba. Ya sake wa irin nasa suna, ya koma Violet de Damani. Kamfanin na cewa aikin zaɓe da gyara da ya yi ne yake neman karewa. Ƙungiyoyin manoma na cewa albasar dai ita ce, riga kawai aka sake mata.

Wanne ne gaskiya? Amsar tana cikin gwajin da ake yi kafin a ba da irin wannan takarda: a shuka irin da ake da'awa kusa da waɗanda aka sani, a auna girman kai, da launin ɓawo, da kwanakin nuna, a ga ko ya bambanta. Sakamakon irin wannan gwaji shi ne shaidar da dattijon nan yake tambaya. Abin da ya zagaya gidajen rediyo da kasuwanni kuwa bai wuce jimla biyu ba: an so a sace albasar Galmi, gwamnati ta hana.

Takardar mallakar irin shuka ƙanwa ce ga babbar takardar mallakar ƙirƙira, wadda ma'aikatan Yamai ke kira brevet. Kuma asalin wannan takarda ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Maƙerin da ya gano wata dabara yana iya rufe ƙofar maƙerarsa, ya koya wa ɗansa kaɗai, dabarar ta bi su kabari in zuriya ta yanke. Sai hukuma ta ce masa: fito da sirrinka ka rubuta shi dalla-dalla yadda duk ma'abocin sana'ar zai iya kwaikwaya, mu kuma mu hana kowa cin kasuwarka shekara 20, bayan nan ya zama na kowa. Bayyanawa ita ce kuɗin da yake biya. Shi ya sa abin ke ci mini rai, ganin cewa tsarin da aka gina kan fito da sirri shi ne kuma, da zarar an shiga rigima da gwamnati, yake komawa ɗaki ya ja ƙyaure.

A rigimar Galmi gwamnati ce ta tsaya wa mutanenta. Akwai inda ita ake kai ƙara, kuma misali mafi kusa da mu yana tsallaken iyaka. A 2010 hukumar zaɓen Najeriya, INEC, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta ba da kwangilar sayen na'urorin rajistar masu zaɓe ta kimanin naira biliyan 34.5. Wani kamfani mai suna Bedding Holdings ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ya ce shi ke da takardar mallakar tsarin da na'urorin ke aiki da shi. A Janairun 2014 Mai Shari'a Ibrahim Auta ya ba shi gaskiya, ya ce a biya shi kimanin naira biliyan 17.3, wato rabin kuɗin kwangilar. Kafin nan, a 2012, kamfanin ya yi nasara a wata ƙarar kan akwatunan zaɓe na roba masu nuna abin da ke ciki.

Mai sauraron rediyo a Kano ko Katsina ya ji sunan kamfani, ya ji sunan alƙali, ya ji adadin da ya sa shi salati. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne cewa dokar takardun ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ba ta ɗora wa magatakarda nauyin bincika ko ƙirƙirar da aka kawo masa sabuwa ce. Yana duba cikar takardu ne kawai, ya ba da shaida, kuma dokar ta ce mai shaidar ya riƙe ta bisa kasadar kansa, ba da lamunin ingancinta ba. Ke nan wuri ɗaya tilo da ake tambayar ko abu sabo ne ko tsoho shi ne zauren kotu. Bayanin ƙwararru, tambayoyin da lauyoyi suka yi musu, abin da lauyan gwamnati ya kawo da abin da ya kasa kawowa, duk suna can cikin fayil a ɗakin magatakarda. Kuɗin da ake magana a kai kuwa na baitulmali ne, na asibiti da rijiya da alli.

Shari'a irin wannan kamar dorina ce a kogi: kunnuwa da hanci kake gani, jikin yana ƙasa. Takardar ƙara tana fitowa, hukunci ma yana fitowa in an kai ga hukunci. Tsakaninsu akwai shekaru na musayar takardu tsakanin lauyoyi, waɗanda yawancinsu ba sa ma shiga fayil ɗin kotu. Waɗanda suka shiga, kamfani na iya roƙon a rufe su don sirrin kasuwanci ne, gwamnati na iya roƙon a rufe su don tsaron ƙasa, alƙali kuma sau da yawa yakan amince, tun da ɓangarorin biyu sun yarda kuma babu na uku a zauren da zai ce a'a. A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa kamar tamu, zaman kotu a buɗe yake, hukunci ma a bainar jama'a ake karanta shi, amma fayil ɗin na masu shari'a ne da lauyoyinsu. In kuma aka sasanta a bayan fage, to ko hancin dorinar ya nutse. Layi ɗaya za a rubuta: an janye ƙara.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A Amurka, tun dokar 1910 da aka ƙarfafa a 1918 lokacin yaƙin duniya na farko, mai takardar ƙirƙira ba ya iya hana gwamnati ko ɗan kwangilarta amfani da abin da ya ƙirƙiro. Diyya kaɗai zai nema, a wata kotu ta musamman a Washington. Kamfanin Hughes ya shigar da ƙara a 1973 kan dabarar daidaita tauraron ɗan'adam a sararin sama, ba a gama ba sai 1999, aka biya shi kimanin dala miliyan 154. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka shigar da ƙarar ya isa aure kafin a kammala ta. Wani ƙaramin kamfani kuma mai suna Crater, wanda ya ƙirƙiro mahaɗin bututu da waya na ƙarƙashin teku, ya kai kamfanin Lucent, ɗan kwangilar gwamnati, ƙara. Sakataren rundunar sojan ruwa ya shigo ya ce maganar ta taɓa sirrin ƙasa, aka rufe dubban takardu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da rufewar a 2005. Masu ƙirƙirar ba su sami damar ganin yadda aka yi amfani da abin da suka ƙera ba. Akwai ma dokar 1951 da ta ba gwamnati ikon sa wa ƙirƙira takunkumi tun tana matakin buƙata, a hana mai ita ko da ambatonta. Irin wannan umarni fiye da 5,000 ke aiki a ƙasar.

Na yarda akwai sirrin da ya cancanci rufewa. Ba wanda zai ce a liƙa zanen makamin soja a bangon kasuwar Dole ta Zinder. Amma wanda ke cewa a rufe shi ne kuma wanda ake ƙara, kuma shi ne zai ji kunya in an buɗe. Mutum ba ya zama alƙalin kansa a ko'ina, sai a nan.

Shari'ar da ta fi koya mini darasi ita ce ta Afirka ta Kudu. A 1997 majalisar ƙasar ta yi dokar da za ta ba ministan lafiya damar shigo da magani mai rahusa, a lokacin da cutar ƙanjamau ke kwasar mutane kamar annobar fari a gona. A wancan lokacin maganin rage kaifin cutar yana cin kusan dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. A Fabrairun 1998 kamfanonin magunguna suka kai gwamnati ƙara a babbar kotun Pretoria, suka ce dokar ta taka haƙƙin takardunsu. Su 39 ne, kuma sunan Nelson Mandela ne farko cikin waɗanda ake ƙara. Shekara uku magana na tafiyar hawainiya tsakanin lauyoyi. Sai a Maris 2001 ƙungiyar masu ɗauke da cutar, Treatment Action Campaign, ta nemi a ba ta kujera a zauren a matsayin abokiyar kotu, alƙali Bernard Ngoepe ya amince. Hujjar kamfanonin ita ce tsadar magani daga tsadar bincike take. Ƙungiyar ta kawo takardun rantsuwa da ke ƙalubalantar wannan, abin da ke nufin sai kamfanonin sun amsa da lissafinsu a gaban kotu: nawa suka kashe, nawa ne kuɗin jami'o'i da gwamnatoci a cikin binciken. Wata guda kafin nan kamfanin Cipla na Indiya ya riga ya ce zai sayar da haɗin maganin kan dala 350 a shekara. Ranar 19 ga Afrilun 2001 kamfanonin suka janye ƙararsu baki ɗaya.

An yi rawa a harabar kotu ranar, kuma rawar ta dace. Watanni bakwai bayan haka aka yi sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe haƙƙinsu na fifita lafiyar jama'a. Amma littafin lissafin bai buɗu ba. Abin da ya juya shari'ar shi ne shigowar mutum na uku zauren, wanda abin ya shafi jikinsa, ya ce a nuna masa.

Bishiyar bedi ma, wadda ke inuwa a kowace ƙofar gida daga Zinder zuwa Mirriya, ta taɓa shiga irin wannan. A 1994 ofishin takardun ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace tare da ma'aikatar gona ta Amurka takarda kan maganin funfunar shuka da ake haɗawa da man 'ya'yanta. Mutanen Indiya da abokansu suka ƙalubalanta, suka kawo shaidar cewa manomansu sun daɗe suna yi. An soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Can fayil ɗin a buɗe yake ga duk mai son dubawa, kuma kowa na da ikon shigar da ƙin amincewa. Da wannan ƙofar aka shiga.

Tambayar dattijon Gaffati ba daga sama ta faɗo ba. Shi ya saba da shari'ar da ake yi a gaban mai gari ko a fadar Sarkin Damagaram, inda in an yi rigimar iyakar gona ake kiran maƙwabta na gabas da na yamma, kowa ya faɗi abin da ya sani, mutane na zaune suna ji. Ba na cewa fada ba ta taɓa zalunci ba. Tarihin zamanin Sarki Tanimun, da bindigoginsa da bayinsa, ya ishe mu shaida cewa talaka ya sha wuya. Amma ko wanda aka danne ya san wa ya yi shaida a kansa da abin da ya ce, kuma gari ya sani tare da shi. Wannan sanin shi ne abin da tsarin takardu ya ɗauke, ya kai Yawunde da Abuja da Washington.

Dokar da za a dogara da ita tana nan. Nijar ta kafa dokar ba jama'a damar samun bayanai da takardun hukuma a Fabrairun 2011, Najeriya ta sa hannu kan tata a Mayun wannan shekarar. Kotun kasuwanci ta Yamai tana sa hukunce-hukuncenta a intanet, kuma wannan abin yabo ne. A 2025 kundin da ke jagorantar ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In da gaske ake, ga wurin gwaji mai sauƙi. Ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai yana samun mujallar hukumar. Duk buƙatar da ta ambaci irin hatsi, ko wake, ko albasa, ko tattasai, ko sunan wani gari namu, a fassara ta, a aika wa gidajen rediyon karkara su karanta da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, tun lokacin ƙin amincewa bai wuce ba. Duk sasantawar da za a biya da kuɗin baitulmali, a faɗi nawa ne kuma don me, ko da an rufe zanen na'urar. Kuma in ƙungiyar manoma ta nemi kujera a zauren, a ba ta. Aikin ma'aikaci ɗaya ne ko biyu, da kuɗin da bai kai na taron bita guda a otal ba.

Shekaru bayan rigimar Galmi, OAPI ta yi wa albasar garin da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu, yadda wani ba zai noma albasa a wata nahiya ya kira ta 'yar Galmi ba. Nasara ce, kuma rigimar 2009 na cikin abin da ya farkar da mutane. Amma Galmi ta yi suna, tana da 'yan kasuwa masu manyan motoci da ƙungiyoyi masu ofis a Yamai. Irin hatsin da wata tsohuwa ke ajiyewa cikin tulu da toka a ƙauyen Gaffati, wanda ke nuna ko ruwa ya ɗauke da wuri, ba shi da suna a kowace takarda. Ranar da wani zai ɗebi tiya guda ya kai ɗakin bincike ya raɗa masa suna, hujjar cewa ya riga ya wanzu za a nema a rubuce, kuma a Yawunde za a nema.

Kafin in tashi, dattijon ya miƙo mini gwangwanin ya ce in karanta masa abin da ke jiki. Na karanta ina fassarawa: sunan irin, lambar buhun da aka ɗebo shi, watan da aka zuba shi, da cewa cikin ƙwaya ɗari nawa ake sa ran za su tsiro. Ya ce, "Ba su faɗi gonar da aka samo uwarsa ba?" Na juya gwangwanin na duba ko'ina, na ce, "Babu, Baba."

Ya kira jikansa, wani yaro ɗan lakwal da ke korar awaki daga bakin shinge, ya sa shi ya ɗauko littafinsa. Ya ce ya rubuta sunan da ke jikin gwangwani a shafi ɗaya. A ɗaya shafin kuma ya shifta masa sunan da suke kiran nasu irin, da sunan ƙauyen da mahaifinsa ya samo shi, da shekarar yunwar da aka kawo shi a cikinta. Yaron ya rubuta a hankali, harshe a waje, yana goge kuskure da yatsa. Dattijon ya ƙulle tsummansa, ya cusa shi cikin aljihun taguwa, ya ɗauki guga ya nufi rijiya.